Goyo a Mizanin Masu Gwaji: Sharhi a kan Ma'aunin Kayan Ɗaukar Jarirai

Gabatarwa

Akwai wani nau'in rubutu da ya bunƙasa a ƙasashen Turai da Amurka, wanda iyaye mata ke yi a kan kayan ɗaukar jarirai. Mace takan sami jakar goyo ko dogon ƙyalle, ta yi makonni tana ɗaukar ɗanta da shi, sa'an nan ta rubuta hukuncinta: nauyin abin, da taushinsa, da saurin ɗaura shi, da kuɗinsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna ma'aunin da suke awo da shi. Dalili kuwa, jakunkunan sun riga sun iso kasuwanninmu, ma'aunin kuma yana biye da su, har ya fara shiga bakin 'ya'yanmu masu ilmin zamani. Idan aka karɓe shi ba tare da nazari ba, to, zai yanke wa zani da majanyi hukuncin da bai dace da su ba.

Asalin Abin

Ya kamata a fara da sanin cewa wannan sana'a koyi ce. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa kai a ƙasar Togo a farkon shekarun 1960, inda ta ga yadda mata ke goyo. Da ta koma gida ta haihu, sai ita da mahaifiyarta suka ɗinka jakar da aka sa wa suna Snugli, aka yi mata rajistar ƙira a 1969. A Jamus kuma Erika Hoffmann ta kafa kamfanin Didymos a 1972, bayan ta gwada goya tagwayenta da wani mayafi irin na ƙasar Meziko. A 1975 Jean Liedloff ta fitar da littafinta, The Continuum Concept, wanda ta gina a kan zaman da ta yi da ƙabilar Yekuwana ta ƙasar Benezuwela, ta kuma yi kira da a riƙa ɗauke da jariri a jiki dare da rana.

Wannan littafi shi ne ginshiƙin tunanin da yawa daga cikin masu gwajin, kuma daga gare shi suka gaji wani rauni. Liedloff ta ɗauki goyon waɗanda ta zauna da su tamkar ɗabi'a ce ta halitta, irin wadda ba a koyo. Wanda ya taso a gidan Bahaushe ya san ba haka ba ne. Yarinya takan fara da goya 'yar tsana, ta koma goya ƙanenta ana tsaye a kanta ana gyara mata, kafin ranar da za ta goya nata. Ilmi ne mai matakai da malamai, illa dai ba a rubuce yake ba.

Shaidar Harshe

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga wannan aiki, wadda ake danganta ta ga likitan yara William Sears, ma'anarta ita ce sanya jariri kamar yadda ake sanya tufa. Wato ke nan hankali yana kan abin da aka sanya. Ita kuwa kalmar goyo ta fi ƙarfin ƙyalle. Mai goyo ita ce mai shayarwa, ko da ɗan yana kwance a kan gado. Goyon ciki shi ne komawar mai cikin fari gidan iyayenta. Goyon kaka shi ne yaron da aka shagwaɓa. Masara takan yi goyo, mai keke yakan yi goyo, kuma idan mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa sai a ce ya goya masa baya. A duk waɗannan babu inda aka ambaci zani. Abin da ke haɗa su shi ne ɗaukar nauyin wani na tsawon lokaci. Saboda haka rahoton da ya tsaya ga ɗinki da maɗauri ya auna ɗan ƙaramin yanki ne kawai na abin da Bahaushe ke kira goyo.

Ma'aunin Tsaro

A nan ne maganar ta fi nauyi. A shekarar 2010 an janye kimanin jakunkuna miliyan ɗaya na wani samfuri daga kasuwannin Amurka, bayan jarirai uku sun rasu a cikinsu saboda toshewar numfashi. Tun daga lokacin masu gwaji suka riƙe wasu sharuɗɗa biyar da aka tsara a Ingila: ɗauri ya yi tsauri, fuskar jariri ta kasance a kan idon uwa koyaushe, kansa ya yi kusa da bakinta yadda za ta iya sumbatarsa, haɓarsa kada ta faɗa kan ƙirjinsa, bayansa ya sami matokari.

Idan muka ɗora goyonmu a kan waɗannan, za mu ga ya cika na ɗaya da na biyar sarai. Uwa takan sunkuya ta ɗora yaro a gadon bayanta, ta ware ƙafafunsa su rungumi kwiɓinta, ta jawo zani ta ɗaure a ƙirji, ta tattaro ƙasansa a ƙarƙashin yaron ta ɗaure a ciki, sa'an nan ta ƙara majanyi. Wannan zama na ware ƙafafu shi ne likitocin ƙashi ke yabawa a yau. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan yaran Malawi ya danganta goyon baya da ƙarancin gocewar ƙashin ƙugu.

Amma sharaɗi na biyu da na uku ba su yiwuwa ga mai goyo a baya ko ta yi yaya. Shin wannan yana nufin goyonmu ya faɗi jarrabawa? Abin lura shi ne, an tsara sharuɗɗan ne domin mace mai ɗauke da ɗa a ƙirji, wadda take ita kaɗai a gida ko a titi, ba ta da idon da za ta dogara da shi sai nata. Mai goyo a gidan Bahaushe tana jin numfashin ɗanta da zafin jikinsa ta fatar bayanta, fuskarsa kuma tana kan idon kowa. Uwar miji, da kishiya, da maƙwabciya, har da matar da ba ta san ta ba a bakin rijiya, kowacce tana da ikon cewa, "Baiwar Allah, gyara masa wuya." Sharaɗin gani yana nan, sai dai jama'a ce ke ɗauke da shi. Masu gwaji ba su da gurbin wannan a jadawalinsu, domin ba a sayensa tare da jaka.

Inda Suka Fi Mu

Adalci ya wajabta a faɗi abin da suka yi daidai. Na farko, sun auna abin da mu muka tsaya ga zato. Binciken Hunziker da Barr na 1986 a birnin Montiriyal ya nuna cewa jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka sun rage kuka da kashi 43 cikin ɗari a mako na shida. Na biyu, sharaɗinsu na huɗu ya shafe mu kai tsaye. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, ko bakwaini, yana iya shiga hatsari idan kansa ya lanƙwashe ko aka lulluɓe shi da mayafi mai kauri. Na uku, idon jama'ar da muka dogara da shi yana raguwa. Amaryar da ke zaune a gidan haya a birni, ko wadda ta hau bayan babur da goyo a ƙarƙashin hijabi, ta fi kusa da halin matar da aka tsara wa sharuɗɗan fiye da halin kakarta. Haka kuma hayaƙin murhu da mai goyo ke tsaye a kansa yana shiga huhun mutum biyu ne.

Kammalawa

A taƙaice, aibin wannan nau'in rubutu shi ne ya mayar da gwaninta haja, ya kuma ɗauki halin zaman al'umma ɗaya ya mai da shi ma'aunin kowa. Amfaninsa kuwa shi ne ya rubuta abin da ya sani, ya gyara shi bayan da aka yi asarar rayuka. Mu namu ilmin yana hannun ungozomomi da tsofaffin mata, kuma kullum raguwa suke yi. Aikin da ke gaban ɗalibanmu na harshe da al'ada shi ne su zauna da su, su tattara kalmomin goyo da ƙa'idojinsa daga karin harshe zuwa karin harshe: yaushe ake fara goya jariri, wa ke fara goya shi, yaya ake tare kansa, me ake hana mai goyo. Sa'an nan a kai abin da aka tara gaban likitocin yara su tace. Ta haka ne za a sami ma'aunin da aka yanka daidai da bayan mai goyo, wanda malamar asibiti za ta iya karanta wa mai haihuwar fari da harshen da take ji.