Abin da Rinjaye ke Ɓoyewa: Tarken Rahoton NIST na 2020 a kan Nazarin Gilaikan

A shekarar 2020 mujallar Molecular & Cellular Proteomics ta buga rahoton wani gwaji na haɗin gwiwa da Cibiyar Ma'auni da Fasaha ta Amurka, wato NIST, ta shirya, wanda De Leoz da abokan aikinta suka rubuta. An aika wa ɗakunan bincike antibodi guda, mai suna NISTmAb, tare da wani nau'insa da aka ɗan sauya, aka nemi kowa ya faɗi irin gilaikan da ke jikinsa da yawan kowanne. Gilaikan su ne sarƙoƙin sukari masu rassa da ƙwayar halitta ke liƙa wa furotin bayan ta ƙera shi. Ɗakunan bincike 76 daga Turai da Arewacin Amurka da Asiya da Ostireliya suka dawo da rahotanni 103. Tun daga lokacin, wannan aiki ya zama madogara ga masu haɗa magungunan furotin, kuma ya cancanci hakan. Sai dai akwai buƙatar a karanta shi da idon tarke, domin abin da alƙalumansa ke nunawa ya fi abin da ake yawan naƙaltowa daga gare shi tayar da hankali.

Abin da ake yawan naƙaltowa shi ne cewa dacewar sakamako da matsakaicin da aka cimma ba ta dogara da hanyar da aka bi ko irin ɗakin binciken ba. Wannan magana ce mai kwantar da hankali. Amma a cikin rahoton nan dai, wani ɗakin bincike nau'i 4 kacal ya gano, wani kuwa 48. Jimillar nau'o'in da aka ambata 116 ne, kuma 57 kaɗai aka iya ba wa adadin da aka yi ittifaƙi a kansa. Ma'ana, fiye da rabin abin da aka ce an gani bai samu isassun shaidu ba. Yarjejeniyar ta fi ƙarfi a kan manyan nau'o'i uku, G0F da G1F da G2F, waɗanda ko ɗalibin da ya fara aiki da na'urar ba zai kasa gani ba.

Matsalar farko ita ce matsakaicin ra'ayin jama'a ba shi ne haƙiƙanin abin da ke cikin kwalba ba. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a yanke gilaikan daga furotin da sinadarin PNGase F, a liƙa musu alama mai ƙyalli kamar 2-AB, a rarrabe su ta kuromatogarafin ruwa samfurin HILIC, sannan a auna nauyinsu da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Idan mafi yawan mahalarta suna da makanta iri ɗaya, to matsakaicinsu zai gaji wannan makantar, kuma ɗakin binciken da ya fi kowa kaifin gani zai bayyana tamkar shi ne ya kauce.

Makantar kuwa sananniya ce. Na'urar auna nauyi ba ta san yadda aka ƙulla sukari da sukari ba, nauyi kawai take faɗa. Gilaikan mai galaktos biyu a rassa biyu da wanda galaktos ɗin biyu ke jere a reshe guda ta ƙullin alfa nauyinsu ɗaya ne. Haka nan haɗin NeuAc da heksos yana da nauyi daidai da haɗin NeuGc da fukos, wato 453.148. Ba a raba waɗannan sai da kyakkyawar rarrabewa a kuromatogarafi, ko farfasa ƙwayar a cikin na'ura, ko datse sukarin ɗaya bayan ɗaya da sinadaran narkarwa. Kuma NISTmAb daga ƙwayoyin ɓera na NS0 aka samo shi, waɗanda ke ƙera alfa-gal da NeuGc, nau'o'in da jikin ɗan Adam ba ya yi. Wato inda aka fi buƙatar tabbaci, nan ne aka fi ƙarancinsa.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin tsananin masana, ya tuna da cetuximab, maganin sankarar hanji. A jihohin Tennessee da North Carolina an ruwaito mummunan borin jiki ga kusan kashi 22 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ƙarin maganin, alhali a arewa maso gabashin Amurka bai kai kashi ɗaya ba. A 2008 Chung da abokan aikinsa suka nuna cewa sanadin shi ne alfa-gal da ke kan maganin, wanda jinin waɗancan majinyata ke ɗauke da antibodin IgE mai yaƙarsa tun kafin a ba su, abin da daga baya aka danganta da cizon kaska. Abin lura a nan shi ne mazaunin sukarin: a kan ɓangaren Fab yake, a fili. Bincike na 2011 ya nuna cewa alfa-gal da ke ɓoye a ɓangaren Fc ba ya kama IgE haka.

Wannan ya kai mu ga rauni na biyu, wanda ni a ganina ya fi girma. NISTmAb mazaunin gilaikan ɗaya gare shi a kowace babbar sarƙa, a ɓangaren Fc. Saboda haka gwajin bai taɓa tambayar mazauni ba ko kaɗan. Wanda ya yanke gilaikan duka ya zuba su a tukunya ɗaya bai yi asarar komai ba a nan, amma da cetuximab aka ba shi, da ya cakuɗa na Fab da na Fc. Da eritiropoyetin ne, mai mazaunin N uku da na O ɗaya, da PNGase F bai ma taɓa na O ɗin ba. An yi wa hanyoyin jarrabawa mai sauƙi, sannan wasu marubuta na kafa hujja da sakamakon kamar ya shafi kowane magani.

Adalci ya wajabta a ce marubutan rahoton ba su ɓoye iyakarsa ba. Sun kira adadin nasu ƙimar da al'ummar masu bincike ta samar, ba su kira shi ƙimar da aka tabbatar ba. Sun kuma fitar da bayanan a fili, abin da ya ba da damar wannan tarke. Laifin ya fi komawa ga masu naƙalto. Na sha duba kundayen ɗalibai inda dacewa da waɗannan adadi ke zama ita kaɗai hujjar ingancin hanya, ba tare da ko gwaji ɗaya a matakin gilaikofeftaid ba.

Ga hukumomin da ke tantance magungunan kwaikwayo masu kama da na asali, ciki har da na ƙasashen da ba su da ɗakin bincike ko ɗaya a cikin 76 ɗin, tambayar da ta dace a yi wa takardun kamfani ita ce: a wane mazauni aka auna, kuma da me aka raba masu nauyi ɗaya? Tun 2002 Shields da abokan aikinsa suka nuna cewa rashin fukos kaɗai na iya ninka kamun antibodi ga makarɓin FcγRIIIa har sau 50, kuma a yawancin antibodin da ake sayarwa nau'o'in marasa fukos 'yan kaɗan ne cikin ɗari.