Na'urar da ke leƙa bayan bangon maƙoshi

Wallahi tun ranar da na tsaya a bayan likita na ga na'urar nan tana aiki, ban daina ba da labarinta ba. EUS likitoci ke ce mata. Tiyo ce mai kaurin yatsa, da kyamara a bakinta, kuma a wannan bakin aka dasa ɗan ƙaramin sikanin irin wanda ake duba masu juna biyu da shi. A ba majiyyaci allurar barci, a zura ta baki, a gangara har inda sankarar maƙoshi take.

Kai, abin da ya fito a allo! Bangon maƙoshi, wanda kaurinsa 'yan milimita ne, sai ga shi ya rabu hawa biyar, fari da baƙi, fari da baƙi, kamar saƙar zane. Likitan ya sa yatsa ya ce, "Ka ga inda ta tsaya? Ba ta kai tsoka ba." Tsigar jikina ta tashi. Hoton CT gwani ne wajen nuna ko cuta ta bazu zuwa hanta ko huhu, amma wannan zurfin ba ya iya auna shi haka.

Kuma zurfin nan shi ne maganar gaba ɗaya. In ciwon yana saman fatar ciki kawai, ana iya kankare shi ta baki, ba a tsaga ƙirji ba. In ya huda tsoka ko ya kama kaluluwa, sai a fara da kemo da gashi kafin wuƙa. Binciken CROSS na ƙasar Holan, da aka buga a 2012, ya nuna masu bin wannan tsari sun rayu kusan wata 49 a tsaka-tsaki, waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai kuwa wata 24.

Ga ƙarin daɗi: in likita ya hango kaluluwa zagayayya, baƙa, da ta haura santimita 1, nan take zai turo siririyar allura ta cikin tiyon ya tsamo ɗan samfuri a kai ɗakin gwaji. Ba yanka, ba ɗinki.

Gaskiya ne, in ƙari ya toshe hanya tiyon ba ya wucewa, kuma sai hannun da ya ƙware. Duk da haka ni dai na'urar nan ta gama da ni. Ɗan'uwa, in an ce za a yi wa naka tiyatar sankarar maƙoshi, daure ka tambayi likita ko akwai halin yin EUS tukuna.