So da Jinsi a cikin Littafin Orlando

Cikin watan Oktoba na 1928 Virginia Woolf ta fitar da littafinta mai suna Orlando a birnin Landan. Ƙagaggen labari ne na wani ɗan babban gida wanda ya yi samartaka a zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, ya rayu fiye da shekara 300, amma a ƙarshen labarin shekarunsa 36 ne kacal. A tsakiyar tafiya, sa'ad da ya ke jakadan Ingila a Istambul, ya yi barci na kwana 7, ya farka mace.

Masu nazari na yanzu sukan kawo littafin nan misali in ana zancen halin da Turawa ke kira fansekshuwal. Gaɓar farko ta kalmar daga Girkanci ta ke, ma'anarta "duka". A farkon ƙarni na 20 masu sukar Freud ne suka yi amfani da ita, don ra'ayin cewa sha'awa ce tushen kowane aiki na ɗan Adam. Wajen ƙarshen ƙarnin ma'anar ta juya, ta koma kan mutumin da zuciyarsa ke iya karkata ga wani, ko namiji ne, ko mace, ko wanda bai ɗauki kansa ɗaya daga cikin biyun ba. Watau jinsi ba shi ne sharaɗin so ba. Abin dubawa shi ne ko rigar nan ta yi daidai da wuyan Orlando.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin babi na farko. A shekarar matsanancin sanyi, sa'ad da kogin Tems ya daskare, Orlando ya hangi wani yana sulu a kan ƙanƙara cikin tufafin Rashawa waɗanda ba su nuna namiji ko mace. Tun bai san ko wane ne ba hankalinsa ya tafi. Da ya zaci saurayi ne sai baƙin ciki ya kama shi, don al'ada ta rufe wannan ƙofa. Da ta bayyana gimbiya Sasha ce sai ya sake. Mawallafiyar ta jera abubuwan da gangan: so ya riga zuwa, sanin jinsi ya biyo baya, sa'an nan hukuncin jama'a ya zo daga ƙarshe.

Bayan Orlando ta zama mace, son Sasha bai gushe daga zuciyarta ba. A ƙarni na 18 takan sa kayan maza ta fita da dare, an kuma ce ta ji daɗin ƙaunar maza da mata daidai wa daida. A ƙarni na 19 ta auri Shelmerdine, bayan kowannensu ya gane ɗaya jinsin a cikin ɗan'uwansa.

Amma fa rigar ba ta zauna sosai ba. Woolf tana tsallake kogi ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, gaɓoɓin kuwa biyu ne, namiji da mace. Ko inda ta gauraya su, da sunayen nan biyu ta ke aunawa. Ma'anar yanzu ta haɗa da waɗanda ba su tsaya a ko wace gaɓa ba, su kuwa ba su da wurin kansu a labarin. Har wa yau, duk inda zance ya yi nauyi sai ta kauce da raha. Dalilin ba boyayye ba ne: a Nuwamba na shekarar nan kotu a Landan ta haramta littafin Radclyffe Hall, The Well of Loneliness, don ya yi zancen son mace ga mace ba da wasa ba. Raha ta ceci Orlando daga kotu, amma ta hana mai karatu ganin abin da irin son nan ke jawo wa mai shi na wahala.

Ga malamin Hausa akwai wani abin lura. A daidai wurin rikiɗar, Woolf ta ɗan kira Orlando da lamirin jam'i kafin ta koma na mace. Wanda zai juya littafin zuwa Hausa zai fi ta shan wuya, gama Hausa tana bambanta "kai" da "ke", inda Ingilishi ke da kalma guda, kuma ba a faɗin aikin mutum sai an zaɓi "ya" ko "ta". Mai sulun nan na kan ƙanƙara, tilas mai fassara ya fake da "a" ko "su", in ba haka ba ya tona asirin tun Orlando bai gano ba, ya kashe ma'anar wurin.

Saboda haka ba daidai ba ne a liƙa wa littafin sunan da mai shi ba ta sani da wannan ma'ana ba, ba kuma daidai ba ne a karanta shi kamar wasan canja tufafi kurum. Darajarsa ita ce ya ware tambaya biyu waɗanda aka saba haɗawa: wa mutum ke so, da wane jinsi ne wanda ya ke so.