Jigon Rabuwa a Gajerun Finafinan Hunturu: Kwatancin "Frosty the Snowman" da "The Snowman"

1.0 Gabatarwa

A Turai da Amurka, hutun Kirsimeti yakan faɗo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da dare ke yin tsawo, iyali kuma ke taruwa a gaban talabijin. Wannan ya haifar da wani nau'i na gajeren fim na zane, wanda bai cika wuce rabin sa'a ba, ana kuma maimaita nuna shi shekara da shekaru. Wannan maƙala za ta kwatanta biyu daga cikinsu, waɗanda tauraronsu iri ɗaya ne, wato mutum-mutumin da yara ke ginawa da dusar ƙanƙara. Tun da yake ƙanƙara ba ta da makawa sai ta narke, abin dubawa shi ne yadda kowane fim ya tunkari yaro da wannan gaskiya.

2.0 Frosty the Snowman

Kamfanin Rankin/Bass ne ya shirya wannan fim, tashar CBS ta Amurka ta fara nuna shi a 1969. Wata hular tsafi ce ta ba Frosty rai. Da zafi ya fara yi masa barazana, sai wata yarinya, Karen, ta raka shi zuwa arewa. A hanya mai hular ya kulle su a ɗakin gilashi na renon tsirrai, Frosty ya narke, Karen ta fashe da kuka. Nan take Baban Kirsimeti ya iso, ya buɗe ƙofa, iskar sanyi ta shigo, Frosty ya dawo.

Raunin wannan zubi a fili yake. An sa mai kallo kuka, sa'an nan aka janye dalilin kukan tun hawaye bai bushe ba. Darasin da yaro zai ɗauka shi ne, duk abin da aka rasa akwai babban da zai maido da shi.

3.0 The Snowman

An ciro wannan fim daga littafin hotuna na Raymond Briggs na 1978. Dianne Jackson ce ta ba da umarni, Howard Blake ya tsara kiɗa, tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna shi ranar 26 ga Disamba, 1982. Tsawonsa minti 26 ne. In ban da 'yar gabatarwa da waƙa guda, babu magana a cikinsa. Kiɗa da zane mai taushi irin na fensir mai launi su suka ɗauki nauyin labarin.

Da tsakar dare mutum-mutumin da yaro ya gina ya motsa. Suka zaga cikin gida, suka hau babur, daga bisani suka tashi sama har ƙuryar arewacin duniya, inda Baban Kirsimeti ya ba yaron kyautar mayafin wuya. Gari na wayewa yaro ya fita da gudu, ya tarar da tarin narkakkiyar ƙanƙara da hula a kai. Babu wanda ya zo ceto.

Ziyarar Baban Kirsimeti ba ta cikin littafin Briggs, kuma raye-rayen da aka yi a can sun ɗan sassauta zaren labarin. Amma duk da haka ƙarin ya biya kuɗin sabulu. Da yaron ya sa hannu a aljihu ya zaro mayafin, sai ƙofar cewa "ai mafarki ne" ta rufe. Abotar ta tabbata, don haka rashin ma ya tabbata. Rashin magana ya ƙara wa wannan fitowa ƙarfi, domin babu mai ba da labari da zai tsoma baki ya rarrashi mai kallo.

4.0 Kammalawa

Finafinan biyu sun nishaɗantar, amma na 1982 ya fi girmama hankalin yaro, domin ya yarda cewa yaro yana iya ɗaukar baƙin ciki idan an miƙa masa shi a hankali, yana zaune kusa da iyayensa. Ya kamata masu nazarin adabin yara su riƙa auna labari da wannan ma'auni: idan labari ya kawo rashi, shin ya bar shi ya yi aikinsa, ko kuwa ya yi gaggawar share shi?