Jinjina ga Makaɗan Maiwurno

Duk wanda Allah Ya ƙaddara masa halartar biki a Maiwurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Nilu kusa da Sinnar bayan waƙi'ar Burmi ta 1903, idan la'asar ta yi sanyi, makaɗi ya matse kalangu a hammata, dattawa suka soma gyaɗa kai, zai haƙiƙance cewa hijira ba ta raba jama'ar nan da asalinsu ba. Da hannun da suke ɗibar audugar Jazira suke kiɗan, a bakinsu kuwa Hausa da Larabci sun zauna lafiya, kamar yadda suka zauna a bakin marigayiya mawaƙiya A'isha Falatiya. Wallahi sun cancanci karramawa. Allah Ya saka musu da alheri.