Mezkal ta taurarin fim da jarrabawar kumfa

Tun a 2019, lokacin da Bryan Cranston da Aaron Paul, 'yan wasan nan biyu na shirin Breaking Bad, suka fito da tasu mezkal, giyar magey ta ƙasar Meziko, mai suna Dos Hombres, ake ta ja-in-ja a kanta. Masu yabo suna cewa tana da santsi a maƙogwaro, hayaƙinta bai yi yawa ba, ga ƙamshin tuffa da mangwaro da wani ɗan itacen ƙasar Meziko da ake kira zapote, kamar dai yadda kamfanin ya tallata. Masu kushe kuwa ba sa ma tsayawa buɗe kwalba. A wurinsu duk abin da tauraron Hollywood ya manna wa sunansa jabu ne, an gama magana. Ni dai ban ga abin kamawa a bakin kowane ɓangare ba. Na farko sun ɗauki santsi a matsayin inganci, na biyu kuma haushin mai kuɗi ya rufe musu ido har ba su ga mutumin da ke tsaye a bakin rami yana aikin ba.

Hukuncin giya a addini sananne ne, ba shi ya kawo ni ba, kuma ni ba mashayi ba ne. Sana'ar ce ta ja ni, domin cikin sana'o'in hannu da na karanta labarinsu ba kasafai ake samun wadda ido ke yanke hukunci kafin harshe ba. A ƙauyukan jihar Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka, gwanin mezkal yana sanin ƙarfin abin da ya dafa da kallo kawai. Wannan kallon shi nake son karewa, domin shi ne kwalaben taurari suka fara turewa gefe.

Tarihin ba shi da tsawo a baki. Mutanen Meziko sun shekara dubbai suna gasa gindin tsiron magey a rami suna ci, tun kafin Sifaniyawa su zo a 1519. Dabarar tace barasa ta hanyar tururi ta shigo ne ta ƙofa biyu: tukunyar jan ƙarfe da Sifaniyawa suka gada daga Larabawan Andalus, da kuma ƙaramar tukunyar da 'yan Filifin suka zo da ita gabar Colima a jiragen Manila, suna dafa giyar kwakwa. Sarkin Sifen ya haramta sana'ar a 1785 don kare giyar ƙasarsa, sai ta gudu cikin duwatsu ta ɓuya. Tekila, wadda ita ma asalinta mezkal ce ta wani gari a Jalisco, ta zama masana'anta ta yi arziki. Ita kuwa mezkal ta ci gaba da zama abin shan talaka, ta biki da jana'iza, har 1994 da gwamnati ta ba ta takardar kariyar suna. A 1995 wani Ba'amurke mai zane, Ron Cooper, ya kafa Del Maguey, ya riƙa rubuta sunan ƙauye a kan kowace kwalba. Daga nan ido ya buɗe, kuɗi suka biyo baya.

Bari mu fara sallamar masu cewa jabu. Dos Hombres a ƙauyen San Luis del Río ake yin ta, a hannun Gregorio Velasco, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma da magey nau'in espadín, wanda kan shekara shida zuwa takwas a gona kafin ya nuna. Ana sare ganyayen, a bar gindin, a farfasa. A haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken ƙasa, a hura itace a ciki, a jera duwatsu a kai har su yi ja. Sai wutar ta ci ta lafa sannan a shimfiɗa jiƙaƙƙiyar tukar magey ta dahuwar baya a kan duwatsun, a loda gindayen, a rufe da tabarmi da tamfol, a bi da ƙasa. Kwana uku zuwa biyar yana ciki. Zafin ne ke juya abin da tsiron ya tara a gindinsa ya koma zaƙi, ya fito launin ruwan ƙasa yana danƙo. A nan ma masu yabo sun yi kure, domin sun ɗauka yawan hayaƙi shi ne asalin mezkal, ƙarancinsa kuma wata sabuwar wayewa ce ta taurari. A Wahaka, idan hayaƙi ya danne komai, cewa ake mai ramin ya yi gaggawar lodi kafin itacen ya cinye, ko ya yi rowar tuka. Sassaucin hayaƙi tsohuwar alamar gwani ce, ba Cranston ya kawo ta ba. Bayan gashi sai niƙa da babban dutse mai zagaye wanda doki ko alfadari ke ja, sai a zuba a manyan bahunan katako, a ƙara ruwa, a bar shi a buɗe. Ba a sa masa yis na kanti. Na iska ne ke faɗa masa, ya tsima cikin mako ɗaya ko biyu, gwargwadon zafin gari. Duk wannan ana yi wa Dos Hombres. Wanda ya ce jabu ce bai san abin da yake faɗa ba.

Matsalar tana gaba, a bakin tukunya. Mezkal sau biyu ake dafa ta, kuma a dahuwa ta biyu abin da ke ɗigowa kashi uku ne. Na farko shi ne puntas, kan dahuwa, mai zafi da ƙamshi mai tashi, ƙarfinsa kan haura kashi 60 cikin ɗari. Sai cuerpo, wato jikin, wanda shi ne mafi yawa. Sai colas, wutsiya, mai rauni da ɗan tsami da nauyin ƙasa. Babu agogon da ke cewa kai ya ƙare jiki ya fara. Gwanin ne ke tsaye yana tara kowane kashi a jarkarsa daban, yana shaƙa, yana murza ɗigo a tafin hannu ya ji abin da ya rage bayan barasar ta tashi. Idan an sauke tukunya sai a zo haɗi, kuma a nan ne ake gane hannun wane da na wane. Wani yana son kai da yawa don ƙamshi, wani yana barin wutsiya ta shiga don jiki ya yi kauri. A tsohuwar al'ada, da kai ake ɗaga ƙarfi, da wutsiya ake sauke shi.

To yaya zai san ya kai inda yake so? Sai ya ɗauko venencia, wata sandar gora mai rami, tsawonta kamar kamu ɗaya ko fiye. Ya tsoma bakinta a jarka, ya zuƙa da baki har ta cika, ya toshe saman da yatsa. Ya riƙe ƙoƙo a ɗaya hannun, can ƙasa, ya ɗage yatsa, ruwan ya zubo siriri daga sama ya bugi ƙoƙon. Nan take kumfa ke tashi, ita suke kira perlas, lu'ulu'u. Abin da gwanin ke karantawa ke nan. Idan barasar ta yi yawa, ƙwayoyin kumfar manya ne, kuma kafin ka ƙifta ido sun fashe. Idan ruwa ya yi yawa, ƙanana ne marasa ƙarfi, su ma ba sa jimawa. Idan haɗin ya zauna daidai, sai ƙwayoyi matsakaita su taru, su rufe fuskar ƙoƙon ko su yi zobe a gefensa, su tsaya cak na daƙiƙu masu yawa suna ƙyalli. Mai ido ba adadin daƙiƙu kaɗai yake dubawa ba. Yana duban girman ƙwayar, da yadda suke jeruwa, da ko daga tsakiya suke fara mutuwa ko daga gefe. Zai ƙara kai kaɗan, ya sake zuƙa, ya sake zubawa, har sai ƙoƙon ya ba shi amsar da mahaifinsa ya nuna masa.

An daɗe ana yi wa wannan kallon camfin ƙauye. A 2020 Roberto Zenit da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Scientific Reports, inda suka ɗauki hoton kumfar da kyamara mai sauri. Abin da suka samu shi ne kumfar mezkal ta fi daɗewa idan barasa ta kusanci kashi 50 cikin ɗari, domin a daidai nan ne cakuɗar ruwa da barasa ta fi kauri, kuma bambancin ƙarfin fatar ruwa yana tura ruwa zuwa saman ƙwayar ya hana ta saurin fashewa. Na ji daɗin binciken, amma ba don ya wanke kowa ba. Masu gora da ƙoƙo ba su taɓa jiran a wanke su ba.

Yanzu a dubi kwalba. Dos Hombres kashi 42 ce. Mezkal ta Casamigos, kamfanin da George Clooney da Rande Gerber da Mike Meldman suka kafa, wadda ta fito a 2018, kashi 40 ce. A wannan ƙarfin lu'ulu'u ba ya tsayuwa yadda ake so. Abin da mutanen ƙauye ke sha a bikinsu ya fi kaiwa tsakanin 45 da 50, wani lokaci ya wuce. Hanyar da aka saba bi a kasuwa don saukowa zuwa 40 ita ce ƙara tataccen ruwa, kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne: lita 100 mai kashi 50 tana zama lita 125 mai kashi 40. Harajin Amurka ma bisa yawan barasar da ke ciki ake ɗora shi. Santsin nan da ake ta yabo, mafi yawansa ruwa ne. Doka ta yarda da shi, domin ƙa'idar 2016 ta amince da duk abin da ke tsakanin 35 da 55, kuma akwai ƙananan masu dahuwa da su ma kan ɗan sa ruwa. Amma mai da ƙoƙon da ba ya kumfa ya zama ma'aunin da duniya za ta san mezkal da shi, wannan kam ban yarda ba.

Akwai abin da ya fi ruwan damuna. Tauraro yana sayar da alkawari ne: kwalbar da ka saya a Los Angeles bana za ta yi daidai da wadda za ka saya a Landan baɗi. Mezkal kuwa ba haka aka halicce ta ba. Dahuwar rani daban da ta damina, magey na gangaren dutse daban da na kwari, yis ɗin iskar wannan ƙauye daban da na wancan. Kafin a cika alkawarin sai an tara dahuwa masu yawa an gauraya su a tanki ɗaya har bambancin ya mutu. Duk wanda ya san yadda daddawar kowace unguwa ke da nata ƙamshi, ya kuma san ɗanɗanon dunƙulen magi ɗaya ne ko'ina, ya gane abin da ake yi a nan. Mai bita da ya ce Dos Hombres ba ta taɓa ba shi kunya ba, gaskiya ya faɗa, sai dai bai lura cewa ba za ta taɓa ba shi mamaki ba.

Dokar ma ta karkata ne wajen mai tanki. Ta raba mezkal aji uku: ta masana'anta, sai artesanal, sai ancestral wadda dole a dafa a tukunyar ƙasa, irin ta garin Santa Catarina Minas. A takarda abin ya yi kyau. Amma ta kuma ƙayyade yawan sinadarin metanol, wanda a dahuwar magey yakan taru a wutsiya, don haka wanda ya daidaita haɗinsa da wutsiya yadda ya gada yana iya faɗuwa a gwajin ɗakin bincike, wanda ya zuba ruwa kuwa ya wuce salin alin. Ga kuɗin rajista da ƙaramin mai tukunya biyu ba ya iya biya. Shi ya sa wasu gidaje masu daraja, har da Real Minero na iyalin Ángeles a Minas ɗin, suka ajiye sunan mezkal suka koma rubuta destilado de agave, wato tataccen magey, a kwalabensu. Waɗanda suka haifi sunan sun bar shi, 'yan fim suna riƙe da shi.

Kuɗin da manyan kamfanonin giya suka zuba kuwa ba na wasa ba ne. Diageo ta sayi Casamigos a 2017 a kan abin da zai iya kai dala biliyan 1, a shekarar ne Pernod Ricard ta karɓi kaso mafi tsoka na Del Maguey, Constellation Brands ta sa hannun jari a Dos Hombres a 2021, Bacardi kuma ta mallake Ilegal a 2023. Mezkal mai rajista ta tashi daga kusan lita miliyan 1 a 2011 zuwa sama da miliyan 14 a 2022. Tsiron da ke shekara bakwai bai san da wannan hanzari ba. Ana share daji a kan duwatsun Wahaka ana jera espadín, ana dasa 'ya'yan da ke tohowa a gindin uwa, waɗanda duk jininsu ɗaya ne, cuta ɗaya tana iya kwashe su. Ba a barin tsiron ya yi doguwar sandar furensa, domin idan ya yi, zaƙin ya tafi, alhali furen nan shi ne abincin jemagun da ke yi masa barbara. Masanin jemagu Rodrigo Medellín ya daɗe yana roƙon manoma su bar kashi 5 cikin ɗari su yi fure. Magey na daji irin su tobalá da tepeztate, wanda kan kai shekara 25, su ake tsinkowa yanzu don kwalaben tsada, kuma Dos Hombres ma ta taɓa fitar da tobalá ɗinta.

Za a ce ai San Luis del Río ta samu aikin yi, matasa sun rage tsallakawa Amurka. Ban musa ba, kuma ba zan tsaya daga nesa in ce talaka ya ƙi ciniki don in ji daɗin al'ada ba. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma ba ya fi ƙarfin Cranston da Paul. Su bar Velasco ya fitar da dahuwa guda a ƙarfin da ƙoƙonsa ya nuna, a rubuta watan da aka gasa ta da adadin litar da aka samu, a sayar a farashin da bai fi na kwalbar yau da kullum nesa ba. Masu bita su sha biyun a jere, sannan mu ji ko har yanzu santsi ne yabon da ya fi girma a bakinsu.