Moritz Seider, Bajamushen da Ya Sace Zuciyar Detroit

A ƙasar da ƙwallon ƙafa ta cinye komai, samun yaron da zai sa Jamusawa su hana idonsu barci don kallon hoki na ƙanƙara a Amurka ba ƙaramin abu ba ne. Moritz Seider ya yi hakan, kuma wallahi ya cancanci duk yabon da ake yi masa!

An haife shi a 2001 a garin Zell da ke bakin kogin Mosel. Yana ɗan shekara 18 ya ɗauki kofin Jamus da ƙungiyar Adler Mannheim. A wannan shekarar, wato 2019, ne Steve Yzerman, manajan Detroit Red Wings, ya zaɓe shi na 6 a zaɓen matasan gasar NHL. Mutane suka riƙe baki, domin ba a zaci za a kira sunansa da wuri haka ba. Yau waɗanda suka yi ta gunaguni su ne ke yawo da rigarsa mai lamba 53.

Abin da ke burge ni shi ne, mai tsaron baya ne. Galibi masu zura ƙwallo ake yi wa kirari, amma shi da tare hanya ya yi suna. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga natsuwa. Ɗan gaba zai taho a guje da niyyar bangaje shi, sai Seider ya juya masa kafaɗa, ka ga mai harin ne a ƙasa warwas. Zai kwanta ya tare faifan robar da aka harbo da ƙarfin tsiya, ya miƙe ya miƙa wa abokinsa daidai kan sanda. Kai, wannan yaro sai a bar shi!

Ga kuma shaida. A 2021 ya yi wa Rögle ta Suwidin wasa, aka zaɓe shi gwarzon masu tsaron baya na gasar ƙasar. A kakarsa ta farko a NHL ya tara maki 50, ya lashe kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa ta 2022, Bajamushe na farko da ya taɓa ɗaukar ta. A 2023 yana cikin tawagar Jamus da ta ciyo lambar azurfa a gasar duniya, lambarsu ta farko a gasar tun 1953. Kakarsa uku na farko a NHL, wasa 82 kowacce, ko ɗaya bai tsallake ba, a wasan da karaya da zubar haƙori ba labari ba ne. Shi ya sa Detroit ta ɗaure shi da kwantiragin shekara 7 a 2024.

Magoya baya na kiransa "Mo", suna ƙaunarsa saboda fara'arsa da rashin girman kai. Ɗan ƙasarsu Leon Draisaitl ya nuna Bajamushe zai iya zama sarkin cin ƙwallo. Seider ya nuna zai iya zama ginshiƙin ƙungiya guda. Ku nemi wasan Detroit na gaba, ku zuba wa lamba 53 ido, za ku ba ni labari!